Duro Na Biyar

Talata 8 ga Oktoba 2024, ƙarfe 4:20 na yamma

Ina kan tabarma a ɗakina, gidanmu na Zongo, ƙofa a rufe, fanka a kashe don in ji abin da ake faɗa a tsakar gida. Zan rubuta abubuwa yadda suka faru, da ranarsu da lokacinsu, saboda na ga tun yanzu an fara ƙara musu gishiri.

Ranar Alhamis 3 ga wata, wajen goma na safe, Inoussa direba ya sauke duro biyar a gidanmu. Na ƙarfe ne, masu cin lita ɗari biyu, an shafe su da shuɗin fenti. Inoussa baƙon Baba ne shekara tara. Daga arewacin Nijar yake zuwa, kuma duk shigowarsa Lomé a nan yake sauka, kamar sauran direbobi da 'yan albasa da Baba ke saukewa tun kafin a haife ni. Huɗu a rufe suke da zobe, aka shigar da su sito a matsayin ajiya. Na biyar ba murfi, ba komai ciki, ya ba Mma tsaraba ta riƙa tara ruwa. Ya ce kwana goma zai dawo.

Ranar Asabar ina wanke na biyar ɗin, fenti ya ɓare a gefe, kusa da gindi. A ƙarƙashinsa akwai alama: fukafukai uku baƙaƙe a kan rawaya, da ɗigo a tsakiya. Shekara biyar na yi a jami'a ina karanta fizik, kundin da na kare a watan Yuli kuwa a kan makamashin tukunyar nukiliya ne. Ba sai an gaya mini ma'anar alamar ba.

Na ce wa Mma kada a sha, kada a yi girki da ruwansa. Ta ce, "Zahida, duro ne fa." Na ce wanki ma a bari. Ta ce to in ɗauki bokiti in je teku in kawo mata. Duk da haka ta tura shi ƙarƙashin indararo ta bar shi.

Yau da safe hoton alamar ya shiga wayoyin unguwa.

Takalma a ƙofar zauren baƙi da azahar: na mutum goma sha huɗu.

Laraba 9 ga Oktoba, 7:05 na safe

Saƙon muryar Nasser, yayan ƙawata Hanane, minti huɗu ne da daƙiƙa goma sha biyu. Na saurare shi sau uku da biro a hannu. Kuskure goma sha ɗaya. Mutumin da sana'arsa manna gilashi a fuskar waya, shi ne yau ke bayanin nukiliya da muryar mai karanta labarai.

Ya ce fulutoniyom ne a cikin duron, an haƙo shi a Arlit. Ba a haƙo fulutoniyom. Babu ramin da ake shiga a fito da shi. A cikin tukunyar nukiliya yake samuwa. Abin da ake haƙowa a Nijar dutsen yuraniyom ne, a niƙa, a tace, ya zama gari. Garin nan ma ba ya kunna irin tukunyar da yawancin ƙasashe ke samun lantarki da ita, domin nau'in da ke ba da zafin, mai lamba 235, bakwai ne kacal cikin dubu. Sai an kai shi masana'anta an ɗaga shi zuwa kashi uku, huɗu ko biyar cikin ɗari, a dunƙula shi ƙanana kamar kan ɗan yatsa, a jera cikin bututu. Sauran, mai lamba 238, shi ne wanda kaɗan daga cikinsa ke rikiɗa ya zama fulutoniyom a can ciki, kamar kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka fitar bayan ya gama aiki. Kundina a kan wannan yake: yadda ake ware shi, a gauraya da yuraniyom, a mayar cikin tukunya ya sake ba da wuta.

Ya ce idan duro ɗaya ya fashe, daga nan har Aflao, can bakin iyaka, ba mai rai. Garin yuraniyom ba ya fashewa, ko a kan murhu aka ɗora shi. Haɗarinsa a haɗiye shi ne ko a shaƙi ƙurarsa, kuma ƙoda yake fara taɓawa.

Jimlar ƙarshen nan ce ba na son sake karantawa.

Alhamis 10 ga Oktoba, 1:40 na rana

Na tuna wani abu mai amfani. Duron da aka cika da garin yuraniyom yana kai kilo ɗari huɗu ko kusa da haka. Waɗannan huɗun kuwa mutum biyu ne suka sauke kowanne da hannu, ɗayansu ma yana amsa waya a kafaɗa. Ke nan ba a cike suke da shi ba. Wannan hujja ce. Amma ba ta gaya mini abin da ke ciki ba, ba ta kuma gaya mini abin da na biyar ya taɓa ɗauka ba.

Na samu Baba a zaure yana shan shayi. Na durƙusa na ce, "Baba, da kun bari a buɗe ɗaya, a gani."

Ya ce, "Ajiya ce."

Na ce ai dubawa kawai za a yi, a mayar da zoben.

Ya ajiye kofin. Ya ce shekara arba'in yana sauke baƙi a gidan nan, kafin shi mahaifinsa, kuma ba a taɓa kwance bakin buhun wani ba sai mai shi na tsaye. "Mutum ya bar mini kayansa ya tafi Agadez yana barci mai daɗi, don ya san Sabitu ba ya leƙe. Ranar da na buɗe kayan baƙo, ranar zan rufe zauren nan da kaina. Makarantarku ba ta koya muku wannan ba?"

Ba ta koya mana ba. Ta koya mana kada mu ce abu ba shi da haɗari sai mun auna.

Wayar Inoussa a kashe.

Asabar 12 ga Oktoba, 9:15 na safe

Goggo Hamdiya, mai kokon ƙofar gidanmu, ta shigo da ludayi a hannu, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ina baturiyar gidan nan? Ke yovo, fito!"

Na fito na gaishe ta.

"Bar gaisuwa. Tun asuba nake zaune kamar mai gadi, tukunya cike. Matar tela ta zo har gabana, ta shinshina, ta ce kokona yana warin atom. Atom wari yake, Zahida?"

Na ce ba ya wari, Goggo.

"To fito ki gaya musu!"

Na ce zan iya gaya musu ba ya wari.

"Ki ce musu babu shi kwata-kwata!"

Na tambaye ta ko ta taɓa ɗibar ruwa a duron. Ta rantse ba ta taɓa ba. Na ce to kokonta lafiya lau yake, wannan zan faɗa a ko'ina. Ta ce duron fa? Na kalli ludayin da ke hannunta. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta juya wajen Mma ta ce, "Hajara, wannan karatun naku da tsada yake, amma ba ya magana."

Takalma: na mutum goma sha ɗaya.

Lahadi 13 ga Oktoba, 6:00 na yamma

Kwana goma sun cika. Bai zo ba.

Litinin 14 ga Oktoba, 3:30 na yamma

Na hau zemijan, babur na haya, zuwa Totsi wajen Musye Tchakoura, malamin da ya duba kundina, wanda ya yi ritaya bana. Na nuna masa hoton. Ya ɗaga tabarau ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Calme-toi, ma fille," wato in kwantar da hankalina. Ya ce tsofaffin duro suna yawo a kasuwannin Afirka ta Yamma fiye da mutane, wani an wanke, wani fenti kawai aka shafa masa, alamar kuma ba ta ma'adinai kaɗai ba ce, har kayan asibiti da na masu binciken ƙasa suna ɗauke da ita. Duk na san wannan. Na ce na'ura nake so.

Yana da tsohuwar na'urar Geiger tasa ta kansa, mai auna tururin nukiliya, amma ya ara wa wani abokinsa a garin Kara, can arewa. Zai sa a aiko da ita. Yaushe? "Cette semaine," wai cikin makon nan. Ya kuma ce abin da ya dace shi ne a sanar da hukuma. Na ce idan na sanar, wa za su fara ɗauka, Inoussa da ba a san inda yake ba, ko tsohon da kayan ke sitonsa? Ya sa aka kawo mini ruwan sanyi.

A hanyar dawowa ɗan zemijan ya ji na ce Zongo, ya ce, "Ah, can ne aka kama bam ɗin nan ko?" Ba a kama komai ba. Ba bam ba ne. Na yi masa bayani tun daga Totsi har gida, ya ce madam kin iya magana.

Laraba 16 ga Oktoba, 11:50 na safe

Albasa. Buhunan 'yan Galmi a sito ɗaya suke da duron huɗu, bango ma bai raba su ba. Matan kasuwar Hanoukopé sun ce ba sa karɓar albasar gidan Sabitu. Mutum huɗu sun kwashe buhunansu yau suka koma wani gida. Kowanne sai da ya durƙusa ya ce wa Baba ba don komai ba ne, wurin can ya fi kusa da titi. Baba ya yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, ya raka su har bakin mota, har ya taya ɗaura igiya. Da ya dawo ya daɗe tsaye a ƙofar sito da makulli a hannu. Bai buɗe ba.

Ko da yuraniyom ne a rufe cikin ƙarfe, albasar da ta kwana kusa da shi ba ta zama guba. Na faɗa wa ɗayansu haka. Ya ce, "To ashe yuraniyom ɗin ne." Ban ce haka ba! Na ce ko da.

Takalma: na mutum bakwai.

Alhamis 17 ga Oktoba, 2:10 na rana

Na je Nyékonakpoè, har ƙofar ofishin da Musye ya ce a sanar. Na karanta allon sau biyu. Na dawo.

Juma'a 18 ga Oktoba, 5:45 na yamma

Nasser ya fitar da saƙo na biyu. Yanzu duron sun zama goma sha biyu, kuma wai akuyar gidanmu ta haifi ɗa mai ido uku. Ba mu da akuya. Ba a haƙo fulutoniyom.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake jin daɗin tsoron. Maza na zaune a benci suna ta "fulutoniyom, fulutoniyom" kamar sunan sabon ɗan ƙwallo. Ba wanda ya tambaye ni yadda dunƙule ɗaya kamar kan yatsa ke ba da zafin da gawayin dutse tan guda ke bayarwa. Ba wanda ya tambayi me ya sa ƙasar da ake haƙo abin ta fi mu zama cikin duhu. Ranar da na kare kundina, mutum uku ne daga Zongo suka je, biyu cikinsu don a kai su kasuwa bayan an gama. Yau kowa masani ne.

Lahadi 20 ga Oktoba, 10:30 na safe

Ina tsince shinkafa da Mma. Ba ta dube ni ba ta ce, "Takalmin nan da ya fito a gefen hoton, mai igiya ja, ni na saya miki shi a Hanoukopé da ƙaramar salla."

Na ce Hanane kaɗai na tura wa. Tambaya ce kawai, ko ita ma ta ga abin da na gani, tunda tare muka yi aji. Na rubuta mata kada ta nuna wa kowa. Har yanzu rubutun yana cikin wayata, da lokacinsa, 5 ga wata, 11:42.

Mma ta ce, "Hanane tana da yaya."

Na ce Baba ya sani?

Ta ce, "Shi ya fara gane takalmin."

Tun ranar takwas ga wata ke nan. Kwana goma sha biyu yana amsa gaisuwata.

Litinin 21 ga Oktoba, 8:00 na safe

Hanane ta kira sau shida. Ban ɗauka ba. Na'ura ba ta baro Kara ba.

Laraba 23 ga Oktoba, 4:00 na yamma

An yi ruwa sosai tun safe. Indararo ya cika duro na biyar har ya wuce rabi. Na rufe shi da babban faranti na ɗora dutse.

Takalma: na mutum uku. Ɗaya daga ciki na Baba ne, ya bar su a can don wurin ya yi kamar da mutane. Na san takalmansa.

Alhamis 24 ga Oktoba, bayan magariba, 6:50

Baba ya aiko Mma ta kira ni ɗakinsa. Ya ce gobe bayan Juma'a mai unguwa da dattawa za su zo su ga duron da idonsu. Sun ce tunda 'yar gidan ta karanta abin, ita za a tambaya a gaban jama'a, abin da ta faɗa shi ke nan.

Ya ce, "Kalma ɗaya ce, Zahida. Babu. Ki faɗe ta a tashi."

Na ce, "Baba, ku ba ni zuwa Talata. Na'urar na hanya."

"Talata wa zai rage a zaure? Ni da tabarmi?"

Na ce ban auna ba.

Ya ce, "A zuciyarki fa, me kike gani?"

Na gaya masa gaskiya: ina ganin da wuya a ce akwai wani abu. An wanke shi sau uku, nauyin sauran bai kai ba, alamar tsohuwa ce. Idan sai na sa lamba, tara cikin goma babu komai.

Fuskarsa ta saki. Ya ce, "To alhamdu lillahi, ai shi ke nan. Tara ɗin nan za ki faɗa."

Na ce idan na ce babu, jibi matan layin nan za su zo ɗibar ruwa a ciki, su dama wa jarirai koko. Ɗayan da ya rage fa?

Sannan ya ce lokacin da ya sa ni jami'a, har gida aka zo aka ce masa ya yi asarar 'ya, ya ce musu wata rana unguwar nan za ta buƙaci bakin yarinyar nan. "Ga ranar ta zo."

Na san ta zo. Shi ya sa ba zan iya cewa babu ba.

Juma'a 25 ga Oktoba, 4:35 na yamma

Zan rubuta shi daki-daki.

Sun shigo 2:25. Mai unguwa, na'ibin liman, dattawa shida. Sauran jama'a sun cika ƙofa har titi, Nasser a gaba da waya a sama. Ba wanda ya matso kusa da duron fiye da taku biyar. Na sa mayafi na fito na durƙusa.

Mai unguwa ya ce, "'Yata, an ce ke kika karanta abin nan. Tambaya ɗaya ce. Akwai cuta a duron nan ko babu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, fulutoniyom ɗin da ake faɗa ba a haƙo shi, ba kuma a yawo da shi a irin wannan duro. Ba zai fashe ba. Albasa lafiyarta ƙalau, koko ma haka."

Ya ce, "Madalla. Amma ba sunan abin muka tambaya ba. Ruwan nan, a sha ko kada a sha?"

Ina jin idon Baba a gefen fuskata.

Na ce, "Ban auna ba, ranka ya daɗe. Ina roƙon a jira zuwa Talata."

Goggo Hamdiya ta ce, "Inna lillahi, yarinyar nan!" Nasser ya ce da ƙarfi, "Kun ji ko? Ita ma ba ta ce babu ba!" Aka ɗauki hayaniya. Wani daga baya ya ce a kira 'yan sanda.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hajara, ba ni moɗa."

Mma ta tsaya. Ya sake faɗa. Ta kawo moɗarsa ta silba. Ya ɗauke dutsen, ya ɗauke farantin, ya ɗebo, ya tsuguna, ya yi bismilla, ya sha da numfashi uku. Ya sake ɗebowa ya shanye. Ya kife moɗar don a ga ba saura. Ya ce, "Kayan da ke gidana, ni ne lamuninsu. Haka na tarar, haka zan bari. Mai sauran tambaya ya tambayi cikina."

Na ce "Baba" sau ɗaya. Ban san ko ya fito fili ba.

Suka tsaya suna kallonsa, kusan minti goma, kamar zai canza launi. Ya gyara hula. Wani dattijo ya fara dariya, sai kowa ya ɗauka. Na'ibi ya yi fatiha. Mai unguwa ya ce magana ta ƙare, wanda ya sake tayar da ita da shi yake yi. Goggo ta rangaɗa guɗa. Nasser ya ɗauki komai, kuma kafin la'asar saƙonsa na uku ya fita: Alhaji Sabitu namijin duniya, ya kunyata masu ƙarya.

Masu ƙarya. Nasser ne ke faɗar haka.

Yuraniyom ba ya kayar da mutum a gaban taro. Ko akwai ko babu, minti goman nan haka za su wuce. Ba abin da aka gwada yau. Ba komai!

Na auna moɗar da kwalbar awo. Mililita ɗari huɗu da hamsin. Sau biyu, ɗari tara.

Asabar 26 ga Oktoba, 9:00 na safe

Kokon Goggo ya ƙare kafin takwas. Mata biyu sun zo da bokiti. Mma ta ce musu ruwan na Alhaji ne, ba a ɗiba. Bayan sun tafi ta kifar da duron da kanta, ta bar shi a kife. Ba ta dube ni ba.

Takalma: na mutum shida.

Lahadi 27 ga Oktoba, 12:20 na rana

Na roƙi Mma ta ce masa ya je a gwada fitsarinsa, a duba ƙoda. Gwaji ne mai sauƙi. Amsar da ta kawo: idan aka gan shi a ƙofar asibiti makon nan, ruwan da ya sha ya tashi a banza.

'Yan Galmi biyu sun dawo da buhunansu. Takardar kwastan ɗinsu ta Faransanci, wadda ni nake karanta wa Baba tun ina aji shida, Nasser aka aika wa ya zo ya karanta. Ina ji daga ɗaki yana tuntuɓe a kan "dédouanement". Ban fita ba.

Litinin 28 ga Oktoba, 7:30 na safe

Ya ci tuwo jiya, ya ƙara. Ya je masallaci sau biyar. Na lura ƙafarsa ta dama ta ɗan kumbura a idon sawu.

Talata 29 ga Oktoba, 3:10 na yamma

Na bar gida 8:15 zuwa Totsi. Na'ura ta iso. Rawaya ce, da hannu kamar na butar shayi, takardar da ke jikinta ta nuna rabon da a daidaita ta tun 2011. Musye Tchakoura ya sa mata batir sabo, ya ce in riƙe ta kamar ƙwai.

Na dawo 11:05. Sito a buɗe, an share. Duron huɗu babu. Na biyar ma babu.

Mma ta ce wajen tara wasu mutum uku suka zo da farar mota mai buɗaɗɗen baya, ba rubutu a jikinta. Suka miƙa wa Baba waya. Ya saurara, ya ce, "To, Inoussa, Allah ya kiyaye hanya," ya ba da makulli. Mai kaya ya yi magana, ajiya ta fita. Su ne suka tambayi na biyar ɗin da kansu. Mma ta ce ai tsarabarta ce, ɗayansu ya ce za a kawo mata na roba. Na tambaye ta ko sun sa safar hannu. Ta ce ɗaya ya sa, biyu ba su sa ba. Na tambaye ta lambar motar. Ta ce, "Ni 'yar sanda ce?"

Na auna duk da haka. A titi na'urar ta nuna 0,11. A ɗakina, 0,11. A sito, inda zoben gindinsu ya bar shaida a ƙasa, 0,13. Ƙarƙashin indararo, 0,12. Wannan bambanci ba ya nufin komai. Siminti ma yana iya ba da shi. Na kira lambar Inoussa. A kashe.

Laraba 30 ga Oktoba, 10:40 na safe

Moɗar ce kaɗai ta rage cikin abin da ya taɓa ruwan. Na san an wanke ta sau da yawa tun Juma'a. Na san na'urar nan ba ta ganin ɗan abin da ya narke a ruwa. Duk da haka da ya fita zaure na ɗauko ta na kai bayan madafa, na ɗora na'urar a bakinta. Tana ƙas, ƙas, a hankali, kamar yadda take yi a ko'ina.

Ban ji shigowarsa ba. Sai inuwarsa na gani a kan moɗar.

Ya ce, "Ita ce wadda aka ce in jira?"

Na ce ita ce, Baba.

Ya sunkuya ya saurara, hannu a baya. "Me ta ce?"

Na ce ba ta ce komai ba. Ba ta ce akwai ba, ba ta ce babu ba.

Ya ce, "To. Kun zama ku biyu."

Ya ɗauki moɗarsa, ya ɗebi ruwa a randa, ya sha, ya koma wajen baƙinsa. Maganarsa ta farko da ni ke nan tun Alhamis.

Takalma da azahar: na mutum goma sha uku.

Alhamis 31 ga Oktoba, 6:15 na safe

Yau zan mayar wa Musye na'urarsa. Kafin in rufe littafin nan, ga abin da ban sani ba:

Abin da ke cikin duron huɗu.

Abin da na biyar ya taɓa ɗauka kafin a shafe shi da shuɗi, da wanda ya shafa.

Inda Inoussa yake, da ko muryarsa ce Baba ya ji, ko kuwa muryar da yake buƙatar ji.

Su wane ne mutum ukun, ina suka nufa, kuma me ya sa suka damu da duron da ba komai ciki.

Dalilin da ɗaya ya sa safar hannu.

Ko kumburin ƙafar Baba ya riga Juma'a. Mma ta ce tun bara yake. Ban taɓa dubawa ba sai yanzu.

Wa zai karanta takardar kwastan ta gaba.

Ko Baba zai sha ruwan in da na ce babu. Wannan na sa shi cikin jerin ne don ya samu wurin zama. Amsarsa na sani.